Jini ya taru a kan ƙanina bayan hatsari, likita ya ce ba za a yi tiyata yanzu ba: haka ake yi?

Maman_Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min. Ƙanina ya faɗi daga kan babur ranar Asabar, kansa ya bugu da gefen titi, kuma babu hular kwano a kansa. Ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo yana magana, sai dai tambaya ɗaya yake ta maimaitawa. A asibiti aka ɗauki hoton CT, aka ce jini ya taru a cikin kansa ta ɓangaren dama. Muna jiran a ce mu sa hannu a shiga da shi tiyata, sai likita ya ce ba yanzu ba, za su sa masa ido su sake hoto. Yana yawan barci, yana kukan ciwon kai, a daren farko ya yi amai. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi, tana cewa a ɗauke shi a kai shi wani wuri. Shin jinin da ya taru a kai yana bajewa da kansa ba sai an buɗe ba? Kuma wanda ya samu irin wannan yana komawa yadda yake a da?

Gaskiya_Ɗaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni kam da ni ne da tuni na ɗauke shi. Jini a ƙwaƙwalwa ai ba abin da ake zama ana kallo ba ne. Wani abokin aikina haka aka yi ta cewa ana lura da shi, ana lura da shi, har rai ya yi halinsa.

Nas_Hauwa:
Malam Gaskiya_Ɗaya, Allah ya jiƙan abokinka, amma don Allah kada mu zuga su su sauko da mara lafiya daga gado ba da sanin likita ba. Mai jini a kai, hanyar ma kanta hatsari ce gare shi: babu mai duba idonsa, babu oksijin in numfashi ya canza. In za a sauya asibiti, likita ne zai rubuta takarda, a kira can su ce sun shirya karɓa, a tafi da hoton a hannu.
Maman Amira, ki lura da kyau. Nas tana zuwa lokaci-lokaci ta kira sunansa, ta tambaye shi inda yake, ta haska masa tocila a ido, ta ce ya matse mata hannu dama da hagu, sannan ta rubuta lamba a takarda? In ana yin haka dare da rana, to sa idon ke nan. In ba a yi, a nan ne kuke da magana.

Maman_Amira:
Ana yi, Anti. Har haushi yake ji in an tashe shi. Na leƙa takardar na ga ana rubuta 14/15, amma ban san ma'anarsa ba.

LikitanDare:
Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga hotonsa ba, don haka bayanin gaba ɗaya zan yi, hukunci kuma na wanda ke tsaye a kansa ne.

Waccan lambar ma'aunin farkawa ce, likitoci biyu ne, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ita a Gilasgo a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana da motsi. Mafi ƙanƙanta 3, mafi girma 15. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani, a nan ne galibi ake sa wa mutum bututun numfashi. Mai 14 yawanci yana jin umarni yana bi, sai ɗan ruɗewa a magana ko nauyin barci. Abin tsoro shi ne lambar ta fara sauka.

Ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ba ya buɗewa ya ba da wuri. Duk abin da ya ƙaru a ciki, jini ne ko kumburi, ƙwaƙwalwa zai danne. Shi ya sa muke duba inda jinin yake, yawansa, da ko ya ture ƙwaƙwalwa gefe.

Akwai wanda ke taruwa tsakanin ƙashi da tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ake kira efidural. Galibi ƙashin gefen kai ne, tsakanin ido da kunne, ke tsagewa ya yanke jijiyar da ke bi ta ƙarƙashinsa, jinin kuma da ƙarfi yake fita. Shi ne mafi gaggawa, amma in an kwashe shi da wuri sau da yawa mutum kan tashi garau, domin ita ƙwaƙwalwar ba ta ji rauni sosai ba, danne ta kawai aka yi. Akwai na ƙarƙashin tantanin, sabdural, daga ƙananan jijiyoyin da suka tsinke. Wannan in ya zo nan take bayan mummunan bugu yakan zo tare da raunin ƙwaƙwalwar kanta, shi ya sa sakamakonsa ya fi nauyi. Sai kuma ƙujewa da ɗigon jini a cikin naman ƙwaƙwalwa, da siririn jinin da ke shimfiɗuwa a samanta.

Ƙa'idar da aka saba bi: sabdural da kaurinsa ya wuce milimita 10, ko ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa fiye da milimita 5, ana yin tiyata. Efidural da ya wuce mililita 30 ma haka. In bai kai nan ba, mutum kuma yana farke, ana iya sa ido a maimaita hoto, jiki yakan tsotse ƙaramin jini cikin makonni. Buɗe kai ba ƙaramin aiki ba ne, yana da nasa haɗarin, ba a yin sa don kawai hankalin dangi ya kwanta.

Gobe in an zo zagaye ki tambaya: wane iri ne, kaurinsa nawa, ya ture ƙwaƙwalwa ko bai ture ba. Sannan ki tambayi wannan, don shi ne ya fi: in ya rikice da tsakar dare, akwai likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da za a samu a nan, ko sai an kai shi wani wuri?

Gaskiya_Ɗaya:
To ai tambayar ƙarshen nan ita ce maganata, Likita. Sa ido a inda babu mai yin tiyatar meye amfaninsa?

LikitanDare:
A wannan kam kana da gaskiya, Malam. In babu, gara a tsara ɗaukarsa tun yana da ƙarfi, amma ta hanyar da Nas Hauwa ta faɗa.

Baffa_Arsenal:
Maman Amira ki kwantar da hankalinki. Masu kallon ƙwallo sun tuna Raul Jimenez lokacin yana Wolves. Watan Nuwamban 2020 suka yi karo da David Luiz a wasa da Arsenal, ƙoƙon kansa ya fashe, aka yi masa tiyata. A watan Agustan 2021 ya dawo buga firimiya da ɗaurin kariya a kai, har yana cin ƙwallo da ka daga baya. Allah mai iko.

Sadiya_M:
Baffa, wannan ai a cikin fili ya faɗi, likitoci na tsaye a bakin layi, motar asibiti na jira. Kuma matashi ne mai ƙarfin jiki. Ba kowa ke samun haka ba. Ni wadda nake tunawa ita ce Natasha Richardson, 'yar fim ɗin Ingila. A 2009 ta faɗi wajen koyon zamiyar ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta buƙatar asibiti. Bayan ɗan lokaci ciwon kai ya taso, kwana biyu ta rasu tana da shekara 45. Efidural ɗin da Likita ya ambata ne. Wato mutum ya tashi yana hira bayan ya bugu ba hujja ba ce.

Nas_Hauwa:
Sadiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Irin waɗannan ne muke gani: an buge, ya suma, ya farfaɗo, aka ce Alhamdulillah aka kai shi gida, sai da asuba a kawo shi ba ya motsi. Ku riƙe waɗannan alamomin, ko ɗaya aka gani a ruga asibiti: ciwon kai da ke ƙaruwa, amai akai-akai, barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi, ruɗewa ko magana a karkace, baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, raunin hannu ko ƙafa a ɓangare ɗaya, jijjiga, ko ruwa garai-garai ko jini na fita ta hanci ko kunne. Kuma a wurin hatsari kada a ciccibi mutum kai na lilo, wanda ya bugu a kai ana ɗaukarsa kamar wuyansa ma ya karye har sai an tabbatar.

Abban_Khalil:
Ni tambaya gare ni. Tun muna yara muke jin kada a bar wanda ya bugu a kai ya yi barci, in ya yi ba zai tashi ba. Ga shi ta ce ƙaninta yana ta barci.

LikitanDare:
Barcin ba shi ke kisa ba, Malam Abban Khalil. Tsoron shi ne mutum ya zarce doguwar suma ana zaton barci yake. In likita ya duba shi, ya huta, ƙwaƙwalwar da ta bugu tana son hutu. Sharaɗin dai a samu mai tashinsa yana gwada shi, ya buɗe ido ya amsa da hankali. Shi ne haushin da Maman Amira ta ce yana ji.

Dattijo62:
Ku bar ni in sa baki, ko da yake nawa daban ne. Yayana yana da shekara saba'in da wani abu, yana shan wafarin, maganin tsinka jini, saboda ciwon zuciya. Ya zame a banɗaki, kansa ya ɗan taɓa bango, ko kumburi bai yi ba, shi kansa ya manta. Bayan fiye da wata guda sai ya fara jan ƙafar hagu, yana mance sunan jikokinsa, ya sa riga a baibai ya zauna abinsa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki. Da aka yi hoto sai ga tsohon jini ya cika gefe guda. Ƙananan huji biyu aka yi masa a ƙoƙon kai, aka wanke, aka bar siririn bututu na kwana biyu yana tsiyayar da wani ruwa baƙi-baƙi a leda. Wallahi kafin a sallame mu ya dawo yana yi wa kowa faɗa kamar yadda ya saba. Ku masu tsofaffi a gida, in kun ga sun canza cikin 'yan makonni, ku tambaya ko sun faɗi.

LikitanDare:
Baba, wannan shi ne sabdural mai tafiyar hawainiya. Da shekaru ƙwaƙwalwa kan ɗan tsuke, jijiyoyin da ke tsakaninta da tantani su miƙe, ƙaramin bugu ya isa ya tsinka su. Masu shan maganin tsinka jini da masu shan giya da yawa sun fi shiga haɗarin. Tiyatarsa tana daga cikin masu daɗin sakamako, sai dai yakan dawo ga kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma, don haka kada ku yi wasa da ranar komawa asibiti. Duk mai shan wafarin da ire-irensa, in ya bugu a kai ya je a duba shi ko da yana jin garau, kuma ya faɗi sunan maganin tun daga bakin ƙofa, domin akwai abin da ake bayarwa a warware shi.

Baffa_Arsenal:
Maradona ma ai irin wannan aka yi masa a farkon Nuwamban 2020, ga shi bai ƙare watan ba.

Sadiya_M:
An yi masa tiyatar sabdural, haka ne, amma zuciya ce ta yi ajalinsa ranar 25 ga watan, ba jinin kai ba. Kada ka ƙara tsorata baiwar Allah.

Uwargida_Z:
Kowa yana ta maganar tiyata, ba wanda ya amsa mata tambaya ta biyu. Ni zan amsa, don ina cikinta. Mijina ya yi hatsarin mota, nasa mai tsanani ne, ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman da na'urar numfashi. Kumburin ya yi yawa har sai da aka cire wani yanki na ƙoƙon kansa aka bar wurin, fata kawai aka ɗinke. In yana kwance kana ganin wurin yana bugawa, in ya zauna sai ya lotsa ciki. Da hular kariya yake yawo har aka mayar masa bayan watanni.

Yanzu yana tafiya, yana magana, wanda bai sani ba ba zai ce komai ya same shi ba. Amma ni da nake zaune da shi na san ba shi ne mutumin da ba. Mai haƙuri ne a da, yanzu yaro ya yar da cokali sai ya tashi da faɗa, bayan minti biyar ya manta yana mamakin me ya sa kowa ya yi shiru. Ba ya jin ƙanshi ko wari, ko abu na ƙonewa kusa da shi ba zai sani ba. In mutum uku suna magana lokaci guda sai ya tashi ya bar wurin. Ya koma aiki, amma da rana ta yi tsaka ya gaji liƙis. Abin da ya fi ci min rai shi ne masu zuwa gaisuwa su ce ai ya warke sarai, sai in ji kamar ni ce mai ƙorafi.

Ƙanwata, naku da sauƙi in sha Allah, tunda yana 14. Amma ku shirya wa 'yan canje-canje, kuma kada ku ɗauka da gangan yake yi.

Maman_Amira:
Yaya, kin sa ni hawaye. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara masa lafiya.

Abban_Khalil:
Tsaya, a cire ƙashin kai a bar mutum haka? Ina ake ajiye shi?

Nas_Hauwa:
Ana yi sosai. Wasu wuraren a firiza ta musamman ake adana shi, wasu a tsaga fatar cikin majinyacin a ajiye shi a ƙarƙashinta har kumburi ya sauka. In ƙashin ya farfashe ko ya lalace sai a rufe da na roba ko ƙarfen titaniyam.

Mai_Gashi:
Ni aikin gashin ƙashi nake yi, kuma abin da Uwargida ta faɗa kullum muke ji. Saurin samun sauƙi ya fi yawa a watanni shida na farko, daga nan ya rage gudu, amma ana ci gaba da ganin canji har shekara biyu, wani ma fiye. Abubuwan da suka fi nuna inda za a dosa su ne shekarun mutum, lambar da ya zo da ita, yadda idanunsa suka amsa haske, ko numfashi da hawan jininsa sun faɗi kafin a kawo shi, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana cikin ruɗewa ba ya riƙe abin da ya faru ɗazu. Wanda ruɗewarsa ta washe cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ba ɗaya yake da wanda ya yi wata guda ba.
Kuskuren da dangi ke yi iri biyu ne. Wasu su kwantar da mutum su hana shi ko ɗaga kofi har gaɓoɓi su sandare. Wasu kuma daga sallama sai su cika masa ɗaki da baƙi, ga waya ga talabijin, ya wuni da ciwon kai. A bi a hankali, a ƙara kaɗan-kaɗan, in ciwon kai ko jiri ya taso a ja baya. In magana ko haɗiya ta samu matsala akwai masu horar da wannan daban, a nema.

Gaskiya_Ɗaya:
To wane magani ake ba su ma in ba tiyata? Na ji ana cewa akwai allurar sitiroyid mai saukar da kumburi, ku tambaya ko sun yi masa.

LikitanDare:
A'a, wannan kada a nema. An daɗe ana bayarwa, sai wani babban bincike mai suna CRASH, da ya haɗa majinyata sama da 10,000 aka wallafa a 2004, ya nuna waɗanda aka ba sitiroyid sun fi mutuwa. Tun daga nan aka daina a raunin kai. Abin da ake yi: a ɗaga gadon ta wajen kai kamar digiri 30, a tsare oksijin da hawan jini kada su faɗi, a sauke zazzaɓi. In matsin cikin kai ya hau a ba da maganin da ake kira manitol ko ruwan gishiri mai kauri ta jijiya don sauke shi. Masu rauni mai nauyi akan ba su maganin hana jijjiga na kwana bakwai na farko. Akwai kuma allurar tsayar da jini, irin wadda ake yi wa mai zubar jini bayan haihuwa. Binciken CRASH-3 na 2019 ya nuna tana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici in an yi ta cikin awa uku da buguwa. Lokacinta ya wuce ga ƙanin Hajiya, na faɗa ne don gaba.
Kuma don Allah kada wani ya sayo masa asfirin, ibufurofen ko dikulofenak a ɓoye don ciwon kai, suna iya ƙara zubar jinin. Farasitamol, shi ma da sanin nas.

Maman_Amira:
Na dawo da labari. An sake hoto, likita ya ce sabdural ne, kaurinsa milimita 6, bai ƙaru ba kuma bai ture komai ba. Na yi tambayar da Likita ya ce, suna da mai tiyatar, ana kiransa ko da dare. Yau ya gane kowa, ya daina maimaita tambaya, amma sam bai tuna hatsarin ba. Mama ta ɗan sauko, ko da yake har yanzu tana cewa ita ba ta yarda a bar jini a kan ɗanta ba.

Uwargida_Z:
Alhamdulillah. Hatsarin kam wataƙila ba zai taɓa tunawa ba, nawa ma har yau bai tuna ba. Kada ku matsa masa.

Gaskiya_Ɗaya:
Madalla. Ni dai ina tare da Mama, sai ranar da hoto ya nuna babu komai zan ce an gama. Tunda Baba Dattijo ya ce na yayansa sai bayan wata ya bayyana, me zai hana wannan ya koma irinsa?

LikitanDare:
Yana iya komawa, shi ya sa ake ba da ranar dawowa, wani lokaci da sabon hoto. Ya fi faruwa ga tsofaffi, amma matashi ma ba a cire shi ba. Alamomin da Nas Hauwa ta lissafa suna aiki har makonni bayan sallama.

Abban_Khalil:
Babur fa? Yaushe zai iya hawa?

Mai_Gashi:
Ba yanzu ba, kuma ba shi zai yanke wa kansa ba. Tuƙi, hawa tsani, ƙwallo, duk sai likita ya sake shi, musamman in ya taɓa yin jijjiga ko sau ɗaya. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi muni. Maman Amira, kafin a sallame ku ki sa a rubuta muku wannan a takarda, don in baki ne kawai zai ce bai ji ba. Makullin kuma ki karɓe ki ba Mama ta riƙe.